Jan Ƙyalle a Sitiyari

Saura kaɗan da ban rubuta wannan labari ba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ni ba mai son a juyo a kalle ni ba ce. Amma da na ji yadda 'yan sanda suke ba da shi suna bugun ƙirji, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Rabinsa daga bakin Auta na ji, 'yar makaniken da aka shiga garejinsa. Sauran rabin kuwa daga bakin ɓarawon da ya rage, wanda ya faɗe shi a gadon asibiti da ankwa a ƙafarsa.

Su uku ne a cikin wani kango, da hantsi, hadari yana haɗowa.

Goga, shugabansu, yana zaune kan bulo yana goge bindiga da gefen rigarsa. Tsinke direba ya jingina da bango yana karkaɗa ƙafa. Na ukun, Sifana, ya tsuguna yana zana gareji a ƙasa da ƙusa.

"Ƙofa ɗaya ce," in ji Sifana. "Nan ɗakin kaya, batura da injuna da akwatunan aiki. Nan kuma baƙar motar da na gaya muku, ta wani ɗan kasuwa. Ita kaɗai ta ishe mu."

"Yaran gareji fa?" in ji Goga.

"Na gama da su. Na buga waya da muryar mutanen kirki, na ce babbar mota ta mace mini a bayan gari. Na san halin tsohon, duk zai tura su da igiyar ja. Shi kaɗai za mu tarar."

"Da rana tsaka, baaba?" Tsinke ya yamutsa fuska. "Mu ba 'yan kasuwa ba."

"Da dare akwai maigadi da karnuka. Da rana akwai ruwa. In ya sauka kan kwanon garejin nan, ko yanka mutum kake ba mai ji."

Goga ya hura bakin bindigar, ya dubi Sifana a kaikaice.

"Wai har yaushe ka yi kana wanke masa ƙarafa kafin ya kore ka kamar kare?"

"Wannan ba ya cikin harka, Oga."

"Komai yana cikin harka. Zuƙar mai kake a tankin mutane, ya kama ka da tiyo a baki. Ƙaramin ɓarawo!"

Tsinke ya ƙyalƙyale. Sifana ya ajiye ƙusar.

"Oga, maganar kasona. Ni na kawo aikin nan. Wancan karon ma abin da aka ba ni—"

Tas!

Marin ya yi ƙara har kangon ya amsa.

"Kasonka shi ne abin da na miƙo maka. In na jefa maka ƙashi, ka ce na gode, ka gwaigwaya. Ka ji?"

Sifana bai ko shafa kuncin ba. Ya miƙe, ya sa ƙafa ya share zanen.

"Na gode, Oga."

Daga baya Tsinke ya ce, tun daga wannan godiyar ya kamata su sha jinin jikinsu.

*

Auta ta isa gareji da kular abincin babanta daidai lokacin da aka fara yayyafi. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ke kawo masa, kuma a garejin ta girma, tsakanin baƙin mai da tsofaffin tayoyi. Ba ta da surutu. In baƙo ya gaishe ta, yatsun ƙafarta take amsa wa.

Baba Makanike mutum ne mai sauƙin kai, amma yana da doka guda da ba ya wasa da ita. Duk motar da tayar da ita zai iya kashe mutum, sai ya ɗaura mata jan ƙyalle a sitiyari. Ba mai kunna ta, ba mai tura ta, ko mai ita ne ya zo da kansa. Kuma wanda ya ɗaura, shi kaɗai ke kwancewa. Duk yaron da ya taɓa riƙe ƙarfe a garejin, wannan ya fara koya kafin ya san sunan noti.

Ranar, ƙyallen yana jikin baƙar mota.

"Baba, wannan me ya same ta? Ga ta fes kamar amarya."

"Kyan ɗan maciji ke nan. Bututun birkinta ya tsage. Na naɗe shi da roba don kawai in matso da ita cikin inuwa. A fili za ta kama miki, ta yaudare ki. Ki taka da ƙarfi, shi ke nan, sai abin da Allah ya yi." Ya goge hannu a wando. "Ajiye abincin. Noti ya suɓuce mini cikin rami, idona kuma ba ya ganin duhu. Sauka ki lalubo mini."

A kan ramin duba mota, motar sintirin 'yan sanda ce zaune. Ta kwana biyu a wurin, ana jiran su kawo kayan gyaran da suka ce za su kawo gobe, goben da ba ta zuwa. Auta ta ɗauki tocila, ta tattare zani, ta sauka ƙarƙashinta.

Ruwa ya kece.

Ba ta ji shigowar akori-kurar ɓarayin ba. Ƙafafu kawai ta gani, takalma sun wuce ta gefen ramin da gudu.

"Kwanta! Kwanta, tsoho! Fuskarka a ƙasa!"

Ta kashe tocilar. Ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Ɗaure shi! Kai, ɗakin kaya! Maza!"

Aka balle ƙofa. Ƙarafa suna zuba cikin akori-kura — garam! garam! Ta ga kuncin babanta manne da siminti, takalmi a kan wuyansa.

"Kai, Oga, wannan motar 'yan sanda ce fa!"

"To, ubanka ne a ciki? Cire batirin! Kwanto mini jiniyar ma, su ma su ɗanɗana!"

Motar ta girgiza a saman kanta, ƙura ta zubo mata a ido.

"Makullin baƙar mota, tsoho! Ina yake?"

Baba ya runtse ido. Amma wasu ƙafafu suka taka kai tsaye zuwa bayan ƙofa, inda wani tsohon gwangwanin mai yake rataye. Ba mai kallonsa sau biyu. A ciki ake ɓoye makullan mutane.

Baba ya ɗaga kai.

"Kai ne?" Muryarsa ta yi sanyi. "Rufe fuskar banza kake. Sifana, a kwanona ka ci abinci."



"Ya gane ka, ɗan iska!" in ji Goga. "Yanzu ka ja mana aiki biyu. Ba a nan ba. Ku jefa shi but, in mun wuce gada mu san yadda za mu yi da shi."

"But ɗin wace mota?" Baba ya yunƙura. "Kar ku tayar da motar nan! Ba ta da—"

Naushi ya rufe masa baki. Auta ta ji ƙarar salatif ana yage shi, ana naɗawa.

"Surutun tsufa ne, Oga," in ji Sifana. "Ba ya son a taɓa motar mutane. Bari in tayar muku da ita, tana da taurin kai."

Suka ɗaga Baba, suka cusa. But ya rufe — gam!

Ta ga ƙafafun Sifana sun shiga motar. Injin ya tashi. Da ya fito, hannunsa ya sauko gefen cinyarsa, ya yi wurgi da wani abu ƙarƙashin motar 'yan sanda. Abin ya sauka a kafaɗar Auta, ba nauyi, ba ƙara. Ta shafa. Ko a duhu ta san shi: jan ƙyallen ne.

"Tsinke, ja baƙar, ina gefenka," in ji Goga. "Kai kuma, akori-kura. Shiga gaba."

"Oga, gara in bi ku a baya, in kare muku—"

"Da kaya a bayanka? Ka ɗauke ni yaro ne? Gaba! Inda idona zai gan ka, har mu sauka gangaren gada."

Sifana ya tsaya cak. Auta tana kallon ƙafafunsa, sun kafe kamar an dasa su.

"Ko akwai magana?"

"Babu, Oga."

Motoci biyu suka fice cikin ruwa.

*

Kawu Mai Faci, maƙwabcin garejin, shi ya ɗauko ta a babur. A hanya ta buga lambar 'yan sanda da wayarsa, tana ta ƙara ba mai ɗauka. Da suka iso caji ofis ya tsaya a bakin ƙofa.

"Shiga, 'yata. Ni in na shiga, sai sun tambaye ni takardun babur kafin su tambaye ni abin da ya kawo ni."

Ta shiga a jiƙe sharkaf. A bayan kantar ofishin wani Kofur ne ya ɗora ƙafa kan kujera yana kallon waya yana murmushi. A gefen gwiwar hannunsa ga oba-oba, rediyon da suke kiran juna da shi, a ajiye, tana shuu, tana tari.

"Yallaɓai…"

"Ɗaga murya, ba na jin kukan sauro."

"'Yan fashi sun shiga garejinmu. Sun tafi da babana a but. Motar ba ta da birki, kuma gangaren gada suka nufa."

"A hankali, a hankali. Ƙara kika kawo ko tatsuniya? Ina namijin gidan?"

"Shi ne a but ɗin!"

"To ina mai motar? Ƙarar mota, mai mota ke kawowa." Ya dubi ƙasa. "Kuma kin jiƙa mana ofis."

Ta ajiye ƙyallen a saman kantar. Ta yi masa bayanin dokar Baba, kalmomi suna tuntuɓe da juna. Kofur ya ɗaga ƙyallen da bakin biro kamar mataccen ɓera.

"Oga Saje! Fito ka ga shaida. Tsumma aka kawo mana!"

Saje ya fito yana sakace, ciki a gaba.

"Wane gareji?"

Ta faɗa. Tsinken sakacen ya tsaya a bakinsa.

"Na tsohon nan? Motarmu fa? Sun taɓa motarmu?"

"Sun cire batir da jiniya. Yallaɓai, babana—"

"Jiniya!" Ya daki kantar. "Kofur, ka ji? Jiniya! Kin san wanda za a tsare da tambaya? Ni! Mun ba ku amanar kayan hukuma, kun zauna kun bari an kwashe!"

"Bindiga gare su."

"Ke kika ce. Yara duk an aike su, ƙofa a buɗe, rana tsaka. Wa ya sani ma ko da bakin tsohon aka yi? Ba yau muka fara ganin irin wannan ba."

Auta ta haɗa hannuwa biyu tana roƙo.

"Don Allah, don darajar iyayenka. Kuna da shinge a saman gangaren. Ka ɗauki abin nan ka ce a tare baƙar mota. Magana ɗaya ce."

"Ke za ki koya mini aiki? Ba a tayar da shinge da maganar baka. Sai an ɗauki bayani a rubuce, sannan babban Oga ya sa hannu."

"Ina babban Ogan?"

"Ya tafi cin abinci. Ko shi ma kar ya ci saboda ke? Kofur, takarda."

"Ta ƙare, Oga."

"To kin ji. In ruwa ya ɗauke, ki tsallaka titi ki sayo."

Oba-oba ta yi tari. Tana nan, kusa, ko taku biyu babu. Auta ba ta san lokacin da hannunta ya kai ga oba-obar ba.

Kofur ya cafke wuyan hannun, ya murɗe.

"Kayan hukuma! Kina hauka ne? Oga, a zagayo da ita bayan kanta!"

Ta fizge. Muryar da ta fito daga bakinta, ita kanta ba ta taɓa jin ta ba.

"In ya mutu, ku kuka kashe shi! Ku, ba su ba! Su ai sun ce su ɓarayi ne!"

Ta wafce ƙyallen, ta ruga.

"Ke! Dawo nan! Za ki ga rashin kunya!"

Ta faɗa bayan babur.

"Kawu, gada! Taka!"

*

A saman gangare, 'yan sandan shinge biyu sun fake ƙarƙashin wata rumfa. Da suka hango motoci, ɗaya ya fito da leda a ka, ya ɗaga hannu.

Tsinke ya taka birki a hankali. Motar ta tsaya lafiya lau.

"Natsu," in ji Goga, bindiga a ƙarƙashin cinyarsa. Ya sauke gilashi yana murmushi. "Sannu da aiki, Yallaɓai. Ruwa ya hana ku sakat."

"Waccan akori-kurar taku ce?"

"Yarona ne. Kayan shago muke kaiwa."

Dum! Dum! Dum!

Daga baya ƙarar ta fito. Ɗan sandan ya karkata kai.

"Me ke cikin but?"

"Rago ne, Yallaɓai. Mai taurin kai. Tun gida yake harbi."

"Rago a mota irin wannan? Lallai kuna jin daɗinku."

Goga ya miƙa hannu suka gaisa, abin da ke cikin tafin ya sauya gida. Ɗan sandan ya ja katakon ƙusoshi gefe.

"A ci nama da mu!"

Oba-obarsa tana rataye a rumfa, shiru.

Suna wuce shingen, akori-kura ta zabura. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe.

"Kai! Ina shegen nan zai je da gudu haka?" Goga ya miƙe zaune. "Guduwa zai yi da kaya! Bi shi!"

Tsinke ya danna totur. Gangaren ya buɗe a gabansu, dogo, santsi, ruwa na gudu a kansa. Can ƙasa ga gada, ga kwana kafin gadar. Akori-kura tana kuka, amma kaya sun yi mata nauyi. Baƙar mota ta cinye tazarar kamar wasa.

"Ya isa, rage! Za ka hau kansa!"

Tsinke ya taka birki da ƙarfi.

Fus!

Ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya ɗaga, ya sake takawa. Ya sake. Kamar yana taka iska.

"Oga — babu! Birki babu!"

"Kar ka yi mini wasa!"

"Wallahi babu!"

Goga ya finciko hambirki. Bayan motar ya yi wutsiya, wari ya tashi, gudu bai ragu ba. Itatuwa suna wucewa fuu! Daga but, dum-dum-dum ba tsayawa.

Sai Goga ya saki hambirkin. Ya dubi sitiyarin. Ya dubi akori-kurar da ke ƙoƙarin tsere musu.

"Shi ya tayar da ita," ya ce a hankali. "Shi ya rufe wa tsohon baki. Ni da mai shaida, a jifa ɗaya." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Na gode, Oga, ko? Tsinke! Ɗora masa!"

"Oga, mutuwa za mu yi!"

"Da shi za mu tafi! Ɗora masa na ce!"

Tsinke ya juya kan motar zai kauce. Goga ya damƙe sitiyarin da hannu biyu, ya miƙar da shi.

A madubin akori-kura, fuskar Sifana ta bayyana, baki buɗe.

Garam!

*

Kafin babur ɗin Kawu ya iso, mutane sun taru. Akori-kura ta manne da ƙarfen gada, baƙar mota ta nutse a bayanta har rabin hanci. Batura da ƙarafa sun watsu a titi. 'Yan sandan shinge sun sauko. Ɗaya ya jawo Tsinke waje yana ƙwallo da shi, ƙafafunsa duk a karye. Ɗayan, mai leda a ka, yana jera batura a gefe yana korar mutane.

Auta ta diro tun babur bai tsaya ba.

"Akwai mutum a but! Ku buɗe!"

"Ja da baya!" in ji mai leda. "Rago ne a ciki."

"Babana ne!"

Fuskarsa ta canza, kaɗan. Ya dubi but ɗin, ya dubi taron, ya gyara tsayuwa.

"Ko ma mene ne, kayan shaida ne. Ba a taɓawa sai Oga ya zo."

"Yaushe zai zo?"

"In ya samu mota."

But ɗin shiru. Ba dum, ba motsi. Wani jan ruwa yana ɗiga ta ƙasansa, ruwan sama yana wanke shi.

Auta ta koma wurin babur, ta zaro ƙarfen ɓamɓare taya daga jakar Kawu. Ta dawo.

Mai leda ya ɗaga bindiga.

"In kika ƙara taku ɗaya—"

"Harba."

"Ke, ba ki da hankali?"

"Harba, na ce. Ka ji shi yana bugu a shingenku, ka buɗe musu hanya. Ƙarasa aikinka."

Taron ya ɗauki guna-guni. Wani direban babbar mota ya matso, ƙato, ya tsaya a kafaɗarta.

"Yallaɓai, harsashinka nawa? Don mu da yawa ne."

Wata dattijuwa ta ɗaga murya daga baya: "Tir! Ku ba uwa ce ta haife ku ba?"

Bakin bindigar ya sauka a hankali.

Auta ta cusa ƙarfen a bakin but. Kawu ya kama, direban ya kama. Suka danna. Ƙarfe ya yi ƙara, ya yi ƙara — ɓam!

Baba yana dunƙule kamar tsumma. Wani kan inji da ɓarayin suka jefa tare da shi ya tashi ya sauka a kan hannunsa na dama, ya niƙe shi da jikin motar. Idonsa a rufe. Ta ɓare salatif ɗin a hankali, tana kiran sunan da ta saba.

"Baba. Baba, ni ce."

Ido ɗaya ya buɗe. Leɓɓansa suka motsa. Ta kai kunnenta.

"Motar ta taka wani?"

"Ba ta taka kowa ba, Baba."

Ya lumshe ido. A bayan babbar motar direban nan aka kai shi asibiti, kansa a cinyarta.

*

Goga ya fita ta gilashin gaba, bai shura ba. Sifana sitiyari ne ya haɗa shi da ƙarfen gada. An ce ya ɗan jima yana roƙon ruwa, ba wanda ya iya kaiwa gare shi. Tsinke ya rayu, amma ba zai ƙara taka totur ba, kuma daga asibiti gidan yari zai wuce.

Baba, da yamma aka yanke masa hannun daga wuyan hannu. Likita ya ce da an tare motar a sama, da ko ƙwarzane ba zai yi ba. Ya ce da an buɗe but ɗin da wuri ma, da wataƙila an ceci yatsun. Hannun da ya ciyar da gida, ya koya wa yaran mutane sana'a, shi aka fita da shi a naɗe.

Kafin magariba labari ya zaga gari: jami'an tsaro sun yi artabu da gawurtattun 'yan fashi, sun hallaka biyu, sun kama ɗaya, sun ceto wani dattijo. Baturan gareji suka tafi a matsayin shaida, kuma har yau suna ba da shaida. Jiniya ce kaɗai aka gano tun kafin ruwa ya ɗauke.

Washegari da sassafe Auta ta dafa abinci, ta zuba a kula, ta biya ta gareji. Ma'aikatan Baba suna tsaitsaye, ba mai iya kallon wani. Jinin bakin Baba yana nan a siminti.

Ba a jima ba sai ga Saje a bayan babur, jiniya a hammata, wani batir a cinya. Auta ta dubi batirin. Akwai alamar fentin da Baba ke yi wa nasa.

"Yauwa, 'yan samari," in ji Saje. "A haɗa mana motarmu yau, babban Oga zai fita zagaye. Ke kuma, yaya mai jiki? Kin ga yadda muka yi muku aiki jiya. Rashin kunyar da kika yi, na yafe, yarinta ce."

Auta ta ajiye kular. Ta kwance bakin zaninta, ta fito da jan ƙyallen, har yanzu da danshi. Ta buɗe ƙofar motar sintiri, ta ɗaura shi a sitiyari, ta ja ƙullin da haƙori.

Babban ma'aikacin, wanda ya riga ya miƙa hannu zai karɓi batirin, ya mayar da hannunsa aljihu. Sauran suka ajiye ƙarafansu ɗaya bayan ɗaya.

"Mene ne haka?" in ji Saje. "Me ya samu motar? Birkinta ai lafiya lau!"



"Kai, cire tsumman nan! Kai nake wa magana! Kun san ko ni wane ne?"

Ba wanda ya motsa.

Ya juyo kan Auta, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ke! Kwance shi yanzu!"

Wannan karon ba yatsun ƙafarta ta kalla ba.

"Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa, Yallaɓai. Ni na ɗaura."

Ta ɗauki kular, ta bi ta gefensa, ta kama hanyar asibiti. Akwai wanda za ta ba abinci a baki.